Kogi ba ya karɓar na goro

A ƙasar Nijar, duk mai son tuƙa mota bisa gudro sai ya shiga lakkol ɗin koyon tuƙi, ya hardace alamomin hanya, ya ci jarrabawa, kana a miƙa masa parmi. Ranar da ya hau hanya kuwa, kafin ya kai Doso daga Yamai, ko Birnin Ƙonni daga Tawa, jandarma ya tsaida shi ya duba takardunsa, ko da mutum 4 ne kawai cikin motar. Amma mutumin da ke zuba fasinja 100 cikin jirgin katako, ya ɗora masu buhunnan hatsi da babura da tumaki, ya ɗaura inji a gindin jirgin ya ratsa kogin Isa da su, shi ba mai tambayarsa inda ya koyi tuƙi. Ba mai ƙirga kawunan da ya ɗauka, ba mai leƙa cikin jirgin ya ga ko akwai rigar ceto ko guda. In an tare shi a bakin mashigi, zancen kuɗɗin tasha ne. Wannan sakaci ya daɗe yana cin rayukan talakawa, kuma lokaci ya yi da za a kira shi da sunansa, a daina lulluɓe shi da kalmar ƙaddara.

Ga mai neman hujja, kogin da kansa ya bada ita. A watan Nuwamba na 2014, kusa da Libore, a ƙofar Yamai, dorina ta kifar da jirgin da ke ƙetarar da ƴan lakkol. Mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne. A watan Satumba na 2017 wani jirgi ya tashi daga yankin Gaya da ƴan kasuwa kimanin 150, za su ci kasuwar Lolo cikin jihar Kebbi ta Najeriya. Bai kai ba, aka tsamo gawa sama da 30. A watan Fabrairu na 2019, wajen Sambera cikin jihar Doso, jirgin da ya taso daga gaɓar Benin zuwa kasuwar Una, maƙare da mutane da hatsi, ya gamu da iska ya kife, mutum sama da 40 suka ɓata cikin ruwa.

Maƙwabta ma ba su tsira ba. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya nufi Warra a jihar Kebbi da mutum sama da 150 ya nutse, kimanin 20 kaɗai aka ceto. A ƙarshen Nuwamba na 2021, a Bagwai ta jihar Kano, mutum 29 suka halaka, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yuni na 2023, wajen Pategi a jihar Kwara, sama da mutum 100 masu dawowa daga biki cikin dare suka rasu. Wanda ya jera waɗannan haɗurra zai ga cewa uwa ɗaya ta haifi mafi yawansu: lodi fiye da kima, tafiyar dare ba fitila, iskar da aka raina, da kuma rashin abin da zai riƙe mutum bisa ruwa har a zo ceto. A cikin waɗannan babu wanda ya fi ƙarfin sani. Dukansu abubuwa ne da ake koyarwa, a gwada mutum a ga ko ya iya.

Abin da ke biyo bayan kowane haɗari kuwa kowa ya hardace shi. Tawagar mahukunta ta sauka da motoci, a yi ta'aziyya, a miƙa buhun shinkafa da ɗan abin sadaka, a yi alkawarin bincike, rediyo ta faɗa. Mako na zagayowa, ranar kasuwa ta dawo, jirgin maƙwabcin wanda ya nutse ya sake yin lodi irin na jiya, a mashigin jiya. Ihu ne bayan hari, kuma ihun ma ba ya daɗewa.

Babu musulmin da ke musun ƙaddara. Sai dai malamai sun sha faɗin cewa tawakkali yana zuwa ne bayan mutum ya yi abin da ke wuyansa. Attajirin da ke cewa ajali ne ya kira mutanen jirgi, shi ne mai sa kwaɗo 2 a ƙofar shagonsa, ya kuma ɗauki mai gadi. Bai taɓa barin buhun sukari ga ƙaddara ba. Ma'aikacin da ke rufe dosiyen haɗari da kalmar nan, shi ne mai kai motarsa wajen makanike kafin ya hau hanyar Damagaram. Ashe ƙaddarar da ake nufi a nan, ta ran talaka ce kawai.

Abin da ke tura jama'a cikin jirgi

Kogin Isa ya ratsa ƙasar Nijar tsawon kilomita kimanin 550, daga iyakar Mali zuwa ta Najeriya. Gadojin da ke bisansa ana ƙirga su da yatsun hannu guda: 3 a Yamai, wato gadar Kenedi ta 1970, ta biyu ta 2011 da ta Seyni Kunce ta 2021, sai ta Farie da aka buɗe a 2021, sai kuma ta Gaya da Malambil. Duk sauran gaɓar, manomin shinkafa da ɗan lakkol da mai naƙuda da ɗan kasuwa, jirgi ne hanyarsu.

Siyasa kuma ta ƙara wa jirgin kaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 da takunkumin CEDEAO, an toshe gadar Gaya. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar na gadar ya ci gaba da zama a rufe, sai matafiya da kaya suka koma cikin jiragen katako. Ko mutum na goyon bayan rufe iyaka ko yana adawa da shi, magana ɗaya ba ta da gardama: hukumar da ta rufe gada ta san jama'a za su bi ta ruwa, don haka alhakin abin da ke faruwa a ruwan bai fita wuyanta ba. Inda kuɗɗi suka yawaita a mashigi kuma, nan sababbin matuƙa ke fitowa, samarin da jiya suke kabu-kabu, yau sun sami inji da jirgin haya.

Akwai kuma wasu fasinja da wannan magana ta shafa kai tsaye, su ne masu shiga jirgi don shan iska. Ran Lahadi ko ranakun salla, ma'aikata da ƴan kasuwa da iyalansu, da ɗalibai da baƙi, sukan hau jirgi a Yamai, su nufi Bubon ko tsibirin Kanazi, wasu har Ayoru don kallon dorina. A tabkin Madarunfa, da na Tabalak, da na Gidimuni ma akwai jiragen masunta da ake roƙa a zaga da baƙi. Galibin waɗannan mutane ƴan tudu ne. Haifaffen Dakoro ko Tanut, wanda bai san ruwan da ya wuce gwiwa ba sai da aiki ya kai shi babban birni, shi ne ke zaune tsakiyar kogi da babbar riga, matarsa da goyo, ƴaƴansa sun miƙe tsaye suna ɗaukar hoto da salula. Da an ce ga dorina can, sai kowa ya karkata gefe guda. Digiri ko jari ba sa riƙe mutum bisa ruwa.

A Faransa, ƙasar da aka kwaikwayo tsarin parmin mota daga gare ta, wanda ke son tuƙa jirgin shaƙatawa mai inji da ya wuce ƙarfin doki 6 sai ya kai shekara 16, ya zauna aji, ya ci jarrabawar ƙa'idodin ruwa, ya kuma riƙe matuƙi gaban malami. Parmin teku daban, na koguna da tabkuna daban. Wannan fa don mutum ya fita yawo ne da iyalinsa. An kwaso binyet da tambur da kwafin takardu iri-iri daga can, amma wannan darasi guda da ke tsare rai an bar shi a Faransa.

Abin da za a koya

Masu jin kalmar aji su zaci allo da alli da Faransanci, su kwantar da hankali. Abin da matuƙin kogi ke bukata ana iya koyar da shi cikin ƴan kwanaki, a bakin ruwa, da Zabarmanci da Dandanci da Hausa, a Difa kuma da Barebari.

Na farko shi ne lodi. Abin da ke raba jirgi da nutsewa ita ce tazarar da ke tsakanin bakinsa da fuskar ruwa. Kowane buhu na rage ta. Buhu mai kilo 100 ya fi babban mutum nauyi, saboda haka ƙirga kawuna kaɗai bai isa ba. In aka tara kaya sama, mutane suka hau bisa kayan, nauyi ya koma sama ke nan, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta juya jirgin. Ruwan da ya taru a ciki kuma, kowace lita kilo 1 ce, kuma yana gudu zuwa gefen da jirgi ya karkata, ya ƙara masa karkata. Ingila ta gane wannan tun 1876, lokacin da wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya matsa har aka yi dokar shata layi a jikin jirgi: ruwa ya rufe layin, lodi ya haramta. Masu jiragen zamanin sun yaƙe shi, don layin na rage masu riba. Yau manyan jiragen kaya na duniya duka da layin suke yawo. A mashigin Gaya ko na Ayoru, gwangwanin fenti da buroshi sun isa, kuma ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakkol ba tana iya karanta layi.

Na biyu shi ne ƙa'idar hanya. Tun 1972 duniya ta amince da ƙa'idodin kauce wa karo a teku, kuma a kansu ƙasashe da yawa suka gina dokokin kogunansu. Jirage 2 in sun fuskanci juna, kowa ya karkata damansa. Mai wuce wani shi ke da alhakin kaucewa. Da dare jan fitila a hagu, koriya a dama, fara a baya, ta yadda mai hangowa zai san inda jirgi ya dosa. A zamanin filafili da gora, karo bai wuce a yi faɗa a rabu ba. Da inji ya zo, karo ya zama makoki.

Na uku shi ne sanin lokaci. Kogin na cika sau 2 a shekara: jan ruwan damina wajen Agusta da Satumba, da ruwan Gine da ke isowa cikin sanyi, daidai lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, hazo na rufe ido. Kogin da ya daina gudu a Yamai cikin 1985, shi ne ya kai kusan mita 7 a Satumban 2020. Rairayi na cike shi yana sauya hanyar ruwa, kainuwa na naɗe farfelar inji. Abin takaici, a Yamai ɗin nan hukumar kula da kogin, ABN, mai ƙasashe 9, take da mazauni tun 1980. A nan cibiyar AGRHYMET take, a nan ACMAD mai hasashen yanayi na Afirka duka take, ga kuma ma'aikatar yanayi ta ƙasa. Labarin hadari da iska da tashin ruwa yana cikin kwamfutocinsu. Abin da ya rage shi ne ya fita daga biro ya isa kunnen matuƙi, ta rediyon karkara ko ta salula, da harshen da yake ji, kuma a koya masa cewa hadarin gabas in ya taso da ƙura, gaɓa mafi kusa ita ce tasha.

Na huɗu shi ne ceto. Mutum ya faɗa ruwa, a kashe inji kafin farfela ta sare shi, a jefa masa abin riƙo da igiya. Wanda bai iya ruwa ba kada ya bi shi, don gawa 2 za a tsamo. Jirgi ya kife yana bisa ruwa, a riƙe shi, kada a nufi gaɓa mai nisa. Bidon ɗin lita 20 da ba kome ciki, in an rufe bakinsa da kyau, yana ɗaga nauyin kusan kilo 20 a ruwa, wato ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. Ɗaura irinsa a gefen jirgi ba ya bukatar tallafin wata ƙasa. Rigar ceto ta fi shi, domin tana riƙe wanda ya suma ko ya gaji, amma sai an sa ta kafin a tashi, an kuma ɗaure ta. Yadda ake farfaɗo da wanda aka tsamo kuwa, ƴan kwana-kwana da Kurwa Ruj sun iya, koyarwa ma suke yi.

Amsa ga masu gardama

Za a ce Sarkawa da sauran masunta sun gaji ruwa kaka da kakanni, wane mushe ne zai koya wa ɗan kada iyo? Gaskiya ne sun san kogin fiye da kowane injiniya: sun san inda dutse yake, inda ruwa ke juyawa, inda dorina ke da ɗa. Don haka ma su ya kamata su zama malaman farko, sarakunan ruwa su zauna cikin masu yin jarrabawa. Sai dai gadon kakanni na jirgin filafili ne mai ɗaukar mutum kaɗan. Kakanni ba su bar wasiyya bisa inji mai ƙarfin doki 40 ba, ko bisa fetur da ke zuba kusa da mai shan taba. Kuma da yawa daga masu riƙe inji yau ba su gaji kome ba, neman abinci ne ya kawo su. Iya ruwa fidda kai, in ji masu magana. To matuƙi ya fidda kansa, wa zai fidda mata 30 da ke bayansa?

Za a ce babu kuɗɗi. Ƙasar da ke da kuɗɗin man motocin tawagar ta'aziyya ba ta rasa na fenti da igiya ba. Kwaminonin bakin kogi na karɓar haraji a kasuwannin da jiragen nan ke ciyarwa. Kaso kaɗan daga ciki ya isa ya sayi rigunan ceto da za a ajiye a mashigi, fasinja ya sa a wannan gaɓa ya tuɓe a waccan. Manyan ƴan kasuwa masu jirage da masu kaya su ma su sa hannu a aljihu, tunda su ne ke matsa wa matuƙi ya ƙara buhu 10 don a rage sawu. Ribar sawu guda ba ta biyan jirgi da kaya da suka nutse, balle diyyar rai.

Gardama ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba a raina ta. Za a ce sabon parmi sabon shinge ne kawai, wata ƙofar karɓar na goro, inda mai jika 2 zai wuce da lodinsa, marar ita a ƙwace masa filafili. Wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Yamai ba zai ce wannan tsoro banza ne ba. Najeriya ma ta nuna iyakar doka: hukumarta ta hanyoyin ruwa, NIWA, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ceto, amma a Oktoban 2024 wani jirgi maƙare da masu zuwa Mauludi ya sake kifewa da dare a yankin Mokwa. Darasin shi ne dokar da ta tsaya a takarda ba ta ceton kowa. Amma maganin wannan ba zama hannu rabbana ba ne. A sa karatun ya zama kyauta, jarrabawa ta baki da ta aiki, a bainar jama'a. A rubuta adadin mutanen da jirgi ke ɗauka da manyan lambobi a jikinsa, kusa da layin lodi, ta yadda kowane fasinja zai zama mai sa ido. Ana iya sayen jami'i guda a ɓoye. Sayen idon mutum 60 da ransu ke cikin jirgin ya fi wuya. Kogin kuwa ko kaɗan ba ya karɓar na goro.

Senegal ta biya kuɗɗin wannan karatu da tsada. Ran 26 ga Satumba na 2002 jirgin Joola, mallakar gwamnati, wanda sojoji ke tafiyarwa, ya kife tsakanin Ziginshor da Dakar. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600. A lissafin hukuma mutum 1,863 suka mutu, 64 suka tsira. Ministoci sun sauka, gwamnatin ma ta faɗi bayan makonni kaɗan. Jirgin yana da takardu, yana da hafsoshi masu galo. Abin da ya rasa shi ne mutum guda mai ikon cewa ya isa, a rufe ƙofa. Shi wannan mutum ake son aji ya haifar a kowane mashigi, kuma doka ta tsaya bayansa ranar da mai kaya zai daka masa tsawa.

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma in an auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce kan gaba. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don yaƙi da wannan annoba. Ranar ta faɗo daidai bakin jan ruwa. Maimakon taron otel da jawabi da kuɗɗin zama, ma'aikatar sufuri da gwamnonin Tilaberi da Yamai da Doso da Difa su sa ta zama ranar da ake yaye matuƙa, a shata layi a jikin jirage, a raba riguna. Masu otel da masu kai baƙi yawon kogi a fara da su, tunda kuɗɗi suke karɓa don nishaɗi: ba matuƙi mai shaida, ba riga ga kowane fasinja, ba lasisin aiki. Lakkol ɗin da ɗalibansa ke ƙetare ruwa kullum a ba shi jirgi mai inganci da riguna daidai jikin yara, a koya masu iyo. Kowane haɗari kuma a buga sakamakon bincikensa, da adadin mutanen da aka ɗauka da sunan ofishin da ke da alhakin mashigin.

Kafin mahukunta su motsa, ɗan kasuwa da ma'aikaci suna da abin yi da ba ya jiran sa hannun minista. Mai jirgi ya sayi riguna ya shata layinsa. Mai kaya ya yarda a yi sawu 2. Mai fita shan iska da iyali ya tambayi riga kafin ya biya, ya zaunar da yara, ya dawo kafin magariba. Wanda ya ga ruwa ya kusa bakin jirgi tun ba a tashi ba, ya sauko da kayansa ya jira na gaba, ko da za a yi masa dariya a kira shi ɗan tudu. Kasuwar Una da ta Lolo suna ci kowane mako, wanda ya rasa ta yau zai sami ta gaba in yana da rai.